Marigayi Shata: Furfura Ba Ta Hana Shi Sabuwar Waƙa Ba

An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa ta jihar Katsina a 1923. Kamar yawancinmu 'yan Zangon Kwatano, da talla ya fara, goro da alewa, kafin kalangu ya ja shi, ko da yake mahaifinsa bai so ba.

Ya haura shekara 50 yana waƙa ba tare da takarda ba, nan take yake ƙera ta a gaban jama'a. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, bai kuma ajiye sana'ar ba sai da ciwo ya kwantar da shi. Ya rasu a 1999, aka binne shi a Daura.

Dattawanmu na Dantokpa, kada tsufa ya sa mu rufe rumfar basira. Allah ya jiƙansa.