TAƘIYYUDDIN ƊAN MA'ARUF, ALƘALI MAI HAƊA AGOGO

Kwanan baya na kai agogon wani na mahaifina wajen mai gyara. Da ya buɗe bayansa, ya sa gilashi a ido, ya riƙa ɗauko 'yan ƙafafun ƙarfe masu haƙora da hantsaki, sai na tuna wani malami da ba kasafai muke ambatonsa ba.

Sunansa Taƙiyyuddin Muhammad ɗan Ma'aruf. An haife shi a Dimashƙa a 1526, ya yi karatu a can da Alƙahira, ya yi alƙalanci a Nabulus ta Falasɗinu. Alƙali fa, mai yanke hukunci, amma in ya tashi daga shari'a sai ya koma kan ƙarafa.

A lokacin agogunan Turai sun fara shigowa Daular Usmaniyya. Bai tsaya kallo ba, ya duba cikinsu har ya gane sirrinsu, kuma wajen 1559 ya rubuta Al-Kawakibud Durriyya kan yadda ake ƙera agogon inji. Ya yi bayanin mai tafiya da nauyin da aka rataya, da mai tafiya da naɗaɗɗen ƙarfe. Ƙarfin yana bi ta ƙafa zuwa ƙafa, in aka bar shi kuwa duk zai zube a ɗan lokaci. Sai a sa wani ɗan ƙarfe mai kai-komo yana tare ƙafar ƙarshe, yana sakin haƙori ɗaya-ɗaya. Shi ne ƙyas-ƙyas ɗin da kunne ke ji. A wancan zamanin kowane haƙori da hannu ake goge shi. Ɗaya ya karkace, lokaci ya ɓaci. Ga al'ummar da sallarta ke rataye da lokaci, wannan ba wasa ba ne.

A 1570 ya koma Istanbul, ya zama babban masanin falaki na sarki. Sarki Murad na Uku ya gina masa gidan nazarin taurari, aka gama a 1577, kuma a nan ya sa agogon inji cikin kayan awonsa.

To, a shekarar ce tauraruwa mai wutsiya ta bayyana. Aka nemi fassara, ya yi wa sarki bushara da nasara kan Farisa. Nan kam ni ban bi shi ba, Allah Ya yafe masa. Lissafin tafiyar taurari ilimi ne, karanta gaibu a jikinsu kuwa ba hurumin kowa ba ne. Annoba ta biyo baya, masu adawa suka samu ƙofa, Shaihul Islam na lokacin ya soki gidan, a 1580 aka rushe shi da umarnin sarki. Abin da ke min ciwo shi ne har da kayan awon aka haɗa, alhali a shekarun nan Tiko Birahe yana can Denmak yana irin wannan aikin, sarkinsu na ba shi kuɗi.

Taƙiyyuddin ya rasu a Istanbul a 1585. Allah Ya jiƙansa da rahama.