ATTILIO GIORDANI: SOJA, MA'AIKACI, BAWAN ALLAH

In ana zancen tsarkin rai, da yawa cikinmu sukan ɗauka rabon fada da sista ne kaɗai. Rayuwar Attilio Giordani ta nuna mana ba haka ba ne.

An haife shi a birnin Milan na ƙasar Italiya ran 3 ga Fabrairu, 1913. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Tun yana yaro yake zuwa majami'ar Waliyyi Agustin, inda fadan-fadan ƙungiyar Don Bosko suke tara yara domin wasa da addu'a da koyon katikisim. Da ya girma, sai shi ma ya shiga koyar da na bayansa.

Ya shiga soja a 1934, kuma an yi ta kiransa bakin aiki har cikin Yaƙin Duniya na Biyu, inda aka tura shi fagen fama a iyakar Girka da Albaniya. Bariki wuri ne da samari da yawa sukan yar da tarbiyyar gida, amma shi bai bar addu'a ba, bai kuma ɓoye bangaskiyarsa ba. A 1944, ana tsakiyar yaƙi, ya auri Noemi, Allah kuwa ya ba su 'ya'ya uku.

Abincinsa yana kamfanin Pirelli, masu yin tayoyin mota. Nan ya yi shekaru yana aiki da gaskiya. In an tashi, maimakon ya nemi wurin hira, sai ya nufi majami'a wurin yara. Yaƙi ya bar Milan da rusassun gidaje da yara masu yawo a titi. Attilio ya jawo su da wasan kwaikwayo da waƙa da raha, domin Allah ya ba shi baiwar sa mutane dariya. Ya kuma kafa wani shiri na koya wa yara yin alheri kowace rana, a gida da makaranta da unguwa. Ko ciwon zuciya da ya kwantar da shi a 1962 bai raba shi da wannan hidima ba.

Sa'ad da ya ajiye aiki, lokacin hutu ya yi ke nan a ganin mutane. Amma 'ya'yansa sun shiga aikin sa kai na taimakon matalauta a yankin Mato Groso na ƙasar Brazil. A 1972, yana da shekara 59, ya bi su tare da matarsa. Ran 18 ga Disamba na shekarar, yana cikin jawabi a wani taro a garin Kampo Grande, zuciyarsa ta tsaya. A 2013 Paparoma Fransis ya tabbatar da kyawawan halayensa, matakin da ke kan hanyar sa shi cikin waliyyai.

A majami'unmu muna da tsofaffin sojoji, da makanikai, da direbobi, da masu karɓar fansho. Muna kuma da yara masu jiran wanda zai koya musu addu'a, malamin katikisim ɗaya kuwa ba ya isa. Mu tambayi kanmu: sa'a nawa muke ba su a mako? Ubangiji ya ba mu zuciyar hidima irin ta bawansa Attilio. Amin.