Nikolai Panin, zakaran Rasha na farko a Olamfik, da takaddamarsa da alƙalan Landan

Nikolai Aleksandrovich Kolomenkin, wanda duniya ta fi sani da Panin, shi ne ɗan ƙasar Rasha na farko da ya ci lambar zinariya a wasannin Olamfik. Ya ci ta ne a Landan a shekarar 1908, a wasan zamiya kan ƙanƙara na nuna gwaninta, jim kaɗan bayan ya fice daga wata gasar cikin fushi da hukuncin alƙalai.

An haife shi a watan Janairun 1872 a ƙauyen Khrenovoye da ke lardin Voronezh. Tun yana yaro iyalinsa suka koma St. Petersburg, babban birnin daular Rasha a lokacin, inda ya yi karatu a sashen lissafi da kimiyya na jami'ar birnin, sannan ya kama aiki a ma'aikatar kuɗi. A zamanin, manya na kallon wasanni a matsayin abin da bai dace da mai ilimi ko ma'aikacin gwamnati ba. Don haka ya ari sunan Panin yana shiga gasa da shi, kuma sunan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Filin ƙanƙara na lambun Yusupov shi ne makarantarsa. A wannan birni aka yi gasar duniya ta farko a 1896, wadda Gilbert Fuchs na Jamus ya lashe. Wasan ya sha bamban da tsere, domin babu agogo ko layin ƙarshe da zai raba gardama, idon alƙali ne kawai. Ɗan wasa yakan sa takalmi mai siririn ƙarfe a tafinsa, ya zana siffofin da aka ƙayyade, masu kama da lamba 8, ya kuma maimaita su a kan sawunsa na farko. Alƙalai sai su duba zanen su ba da maki. Daga nan a shiga kashi na biyu, inda kowa ke nuna fasaharsa yadda ya ga dama.

Panin ya zama zakaran Rasha a 1901, ya kuma maimaita sau da dama. Amma a fagen duniya akwai dutsen da ya tare hanya, wato Ulrich Salchow na Suwidin, wanda ya ci gasar duniya sau goma tsakanin 1901 da 1911. A gasar duniya ta 1903 a St. Petersburg, Salchow ya zo na ɗaya, Panin na biyu. Shi kansa Salchow bai yarda da alƙalai ɗari bisa ɗari ba, domin ya ƙi halartar gasar 1906 a Munich saboda tsoron za a fifita Fuchs a gidansa. A farkon 1908 Panin ya doke Salchow a gasar kofin tunawa da Alexander Panshin a St. Petersburg, abin da ya ƙara rura wutar hamayya kafin su haɗu a Landan.

An yi gasar Olamfik ɗin ne a ƙarshen Oktoba, a zauren ƙanƙara na Prince's da ke unguwar Knightsbridge. Bayan kashin farko ra'ayin alƙalai biyar ya rabu, masu rinjaye suka sa Salchow a gaba, Panin na biye da shi. Marubutan Rasha sun ruwaito cewa Salchow ya riƙa ɗaga murya yana kushe zanen abokin hamayyarsa don ya rikita shi, kuma wasu alƙalan sun karkata ga ɗan Suwidin. Panin bai fito kashi na biyu ba. Dalilin da aka bayar shi ne rashin lafiya, amma an fi ɗaukar janyewar a matsayin nuna rashin amincewa da makin. 'Yan Suwidin suka kwashe lambobin uku: Salchow, Richard Johansson da Per Thorén.

Saura gasar zane na musamman, inda ɗan wasa ke ƙirƙiro siffarsa, ya miƙa wa alƙalai a takarda, sannan ya fitar da ita a kan ƙanƙara da ƙafa ɗaya. A nan ilimin lissafinsa ya yi masa rana. Siffofin da ya gabatar sun yi sarƙaƙiyar da wasu suka zaci ba za su zanu ba, sai ga shi ya zana su tsaf. Ya sami maki 219 cikin 240, ya bar Arthur Cumming da Geoffrey Hall-Say na Birtaniya a baya. Salchow bai shiga wannan gasa ba, kuma daga ita ba a sake yin irinta a Olamfik ba.

Ƙorafin Panin bai sauya komai nan take ba, sai dai matsalar da ya nuna ta ci gaba da damun wasan. A gasar mata ta duniya a Oslo a 1927, uku daga cikin alƙalai biyar 'yan Norway ne, suka ba 'yar ƙasarsu Sonja Henie nasara a kan Herma Szabo ta Ostiriya. Bayan haka hukumar wasan ta duniya, wadda Salchow ke shugabanta daga 1925 zuwa 1937, ta kafa dokar alƙali ɗaya daga kowace ƙasa. Badaƙalar maki a Salt Lake City a 2002 kuwa ita ta sa aka sauya tsarin ba da maki gaba ɗaya a 2004.

Bayan Landan, Panin ya mai da hankali ga harbin ƙaramar bindiga, wanda ya sha zama zakaran ƙasarsa a kai. Ya wakilci Rasha a wannan fanni a Olamfik na Stockholm a 1912, ya zo na takwas a harbin nisan mita 50. Ya rubuta littattafan koyar da zamiya, na farkonsu a 1910, ya kuma koyar a cibiyar nazarin motsa jiki ta Lesgaft a birninsa, wanda ya koma Leningrad bayan juyin juya hali. Ɗalibansa da littattafansa na cikin tushen da Tarayyar Sobiyet ta gina shahararta a wannan wasa a kai.

Ya rasu a Leningrad ranar 19 ga Janairun 1956 yana da shekara 84, shekara bakwai bayan rasuwar Salchow. A 2009 aka sanya sunansa a zauren karrama gwanayen wasan na duniya, inda sunan tsohon abokin hamayyarsa ya riga ya shiga.