Malam Muhammadu Bakatsine, Gwanin Hisabi

Tun kafin zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, an yi wani babban malami a ƙasarmu ta Katsina, sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu. Bafillace ne. Larabawa suna kiransa Alkashinawi, wato mutumin Katsina.

Ya yi karatu wurin malamai da yawa, cikinsu har da Malam Muhammadu Alwali na Bagarmi. Ya san nahawu da ilmin taurari, amma ya fi shahara wajen hisabi. Wajen shekarar 1730 ya tashi zuwa aikin hajji. A zamanin nan kuwa babu mota, balle jirgin sama, sai raƙumi da ƙafa.

A 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hatimi. Hatimi shi ne zane mai gidaje, kowane gida da lambarsa. In ka haɗa lambobin a tsaye, ko a kwance, ko a karkace, jimla ɗaya za ka samu. Gwanintar Malam Muhammadu ita ce, ya shimfiɗa ƙa'idodin cika gidajen daki-daki, yadda wanda bai iya ba ma zai bi ya gama daidai.

Ga wata ƙa'ida irin wannan, ku gwada a ƙasa da tsinke. Ku zana gida tara, uku-uku. Ku sa 1 a tsakiyar layin sama. Daga nan kullum ku hau gida ɗaya, ku matsa dama gida ɗaya, ku sa lamba ta gaba. In kun fita ta sama, ku ɓullo ta ƙasa. In kun fita ta dama, ku ɓullo ta hagu. In kuwa kun tarar gidan da lamba, sai ku sa taku a ƙarƙashin wadda kuka rubuta yanzu. In ba ku yi kure ba, kowane layi zai ba ku 15.

To, da irin wannan umurni ne ake sarrafa kwamfuta da mutum-mutumi a yau. Na'ura ba ta da wayo, abin da aka gaya mata shi take yi, bi da bi. A 1967 aka ƙago wa yara wani harshe mai sauƙi a Amurka, sunansa Logo, suna umurtar wata 'yar na'ura da ake kira kunkuru ta yi gaba ko ta juya dama. Yaron Ketare da ya iya cika hatimin nan ya riga ya kama hanyar.

Malam Muhammadu bai komo gida ba. Bayan hajji ya zauna a Alƙahira ta ƙasar Masar, a gidan wani malami, Hasan Aljabarti, wanda ya ɗauki karatu a wurinsa. Can ya rasu a 1741. Abdurrahman ɗan Hasan ɗin nan, da ya girma ya zama masanin tarihi, ya sa labarinsa cikin littafinsa na tarihin Masar.