Tarihin Mary Anning, Mai Tonon Ƙasusuwan Zamanin Da

An haifi Mary Anning ran 21 ga Mayu, 1799, a wani ƙaramin gari na bakin teku mai suna Lyme Regis, a kudancin Ingila. Mahaifinta kafinta ne, kuma matalauci. 'Ya'ya goma aka haifa a gidan, amma biyu ne kaɗai suka girma, wato Mary da wanta Joseph. Ita ma da ƙyar ta sha, domin tana da wata 15 aradu ta faɗa kan wata itaciya, ta kashe mata uku da ke gindinta, har da wadda ke riƙe da ita. Mary ta suma, daga baya ta farfaɗo.

Tuddan da ke gaɓar garin nan, asalinsu laka ce ta ƙarƙashin teku, wadda ta taru kimanin shekara miliyan 200 da suka wuce, a farkon zamanin da masana ke kira Jurasik. Dabbar da ta mutu sai laka ta binne ta, a hankali ƙashinta ya zama dutse. In guguwar hunturu ta zo, tuddan sukan zaftare, ƙasusuwan su fito fili. Mahaifin Mary yakan tsince su ya sayar wa baƙi, shi ne kuwa ya koya wa 'ya'yansa. Ya rasu a 1810, ya bar su da bashi, Mary tana da shekara 11.

A 1811 Joseph ya gano wani ƙoƙon kai mai tsawon ƙafa huɗu. Mary ta yi ta nema har ta sami sauran jikin a 1812. Mutane suka ɗauka kada ne, ashe wata dabbar teku ce mai siffar kifi da ƙadangare, wadda aka sa wa suna iktiyoso. Aka saye ta fam 23. A 1823 ta tono cikakken ƙwarangwal na filisiyoso, mai ɗan kai, da dogon wuya, da ƙafafu huɗu kamar matuƙin kwalekwale. Babban masanin Faransa, Cuvier, ya yi zaton haɗi ne, amma da aka bincika sai ya yarda. A 1828 kuma ta gano wani ƙadangare mai fukafuki, na farko da aka samu a wajen Jamus.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa dabbobin nan ba dainaso ba ne. Su dainaso a tudu suka zauna, kuma sai a 1842 Richard Owen ya raɗa musu wannan suna. Amma zamaninsu ɗaya. A lokacin nan yawancin nahiyoyi a haɗe suke, shi ya sa ake tono dainaso na Jurasik a Amurka, da Sin, da Tanzaniya, har da yankin Agadas a Nijar. Abin da Mary ta tono ya taimaka wajen tabbatar da cewa akwai halittun da suka rayu, suka ƙare ƙaf, abin da mutane da yawa ba su yarda da shi ba a wancan lokaci.

Aikin nan da haɗari. Dole ta shiga ƙarƙashin tuddan kafin ruwa ya ciko ya kwashe kome. A 1833 ƙasa ta zaftaro ta kashe karenta, ita kuwa saura kaɗan. Ba ta yi makaranta mai zurfi ba, amma takan ari takardun masana ta kwafe su da hannu, takan kuma feɗe kifi don ta gane yadda ƙashi ke haɗuwa.

To, ga inda abin takaici yake. Ƙungiyar masanan duwatsu ta Landan ba ta karɓar mata a lokacin. Manyan malamai sukan zo wurinta, su sayi abin da ta tono, su ji bayaninta, su koma su buga takarda, sau da yawa ba ko sunanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk da haka wasu sun yi mata halacci. A 1820 wani Kanar Birch ya yi gwanjon ƙasusuwan da ya tara, ya ba iyalinta kuɗin. Daga 1838 aka yanka mata fam 25 kowace shekara.

Ta rasu ran 9 ga Maris, 1847, tana da shekara 47, bayan ta yi fama da ciwon daji na nono. Sai a 2022 aka kafa mutum-mutuminta a garinsu.

'Yan'uwana ɗalibai, mu da muke da malamai da ɗakin karatu, ba mu da hujjar yin lalaci. Kuma in wata rana muka zama manya, muka ci moriyar aikin wani ƙarami, kada mu manta mu ambaci sunansa tun yana da rai.