Alhassan Ɗantata: Attajirin da bai taɓa cin uwar kuɗinsa ba

Ranar 17 ga Agusta, 1955, Allah Ya yi wa Alhaji Alhassan Ɗantata rasuwa a Kano, a lokacin da ake ganin babu ɗan ƙasa a Afirka ta Yamma da ya kai shi dukiya. Ba a dare ɗaya ya tara ta ba. Ya shafe shekara kusan sittin yana juya jari yana mayar da riba a cikinsa, kuma a kan wannan tsarin aka gina wani nau'in zuba jari da duniya ke rububi a yau.

An haife shi a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa, fataken da suka yi suna a safarar goro daga Gwanja. Ɗaya daga cikin hanyoyin ayarin goro a wancan zamani ta ratsa ƙasar Yawuri, ta ƙetare Kwara, ta bi ta Borgu har zuwa Salaga. Tafiya ce ta watanni a bayan jakuna, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito a kowace mashigar ruwa.

Mahaifinsa Abdullahi ya rasu Alhassan yana yaro, mahaifiyarsa kuma ta koma Akra da zama. Sai riƙonsa ya koma hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda daga gare ta ya samo laƙabin Ɗantata. An ruwaito cewa ita ta saba masa da ajiya a asusu tun yana ƙaramin mai talla.

Yaƙin Basasar Kano na 1893 zuwa 1895 ya ci Bebeji. An kama Alhassan cikin waɗanda aka kama, sai da fansa ya kuɓuta, ya sake ɗaura ɗamarar kasuwanci daga tushe.

Da ya shiga fataucin goro, bai tsaya ga hanyar iyaye ba. Ya riƙa ɗora huhunan goro a jirgin ruwa daga gaɓar tekun ƙasar da ake kira Gana a yau zuwa Legas, ya rage kwanakin tafiya da asarar hanya. Ya kuma haɗa da tufafi da duwatsun ado, ta yadda idan kasuwar wani kaya ta yi sanyi, wani zai riƙe shi.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta buɗe cinikin gyaɗa. Ɗantata ya koma birni ya zauna a unguwar Sarari. A 1918 ya fara saya wa kamfanin Niger Company gyaɗa, yana ba wakilansa kuɗi su bazu cikin ƙauyuka. Zuwa farkon shekarun 1920 shi ne kan gaba a attajiran Kano, kuma sunansa ne ke fara zuwa baki idan aka ambaci dalar gyaɗa.

Labarin da aka fi sani game da shi na 1929 ne, lokacin da ya kai raƙuma ashirin ɗauke da kuɗin azurfa bankin Bank of British West Africa a Kano. Wanda ke cinye ribarsa kowace kaka ba ya tara irin wannan.

A wannan shekarar ce kasuwar hannayen jari ta Amurka ta rushe. Ma'aunin Dow Jones, mai bin farashin hannun jarin manyan kamfanoni, ya zube da kusan kashi 89 cikin ɗari zuwa 1932, bai koma matsayinsa na 1929 ba sai a 1954. Girgizar ta iso Kano, farashin gyaɗa ya karye, 'yan kasuwa da dama suka durƙushe. Ɗantata ya tsallake, domin yana da ajiya, kuma dukiyarsa ba a kan haja ɗaya take ba.

Shekara 21 bayan rasuwarsa, a 1976, wani Ba'amurke mai suna John Bogle ya buɗe wa talakawan masu zuba jari asusun farko da ke bin ma'aunin kasuwa. Maimakon a zaɓi kamfani ɗaya, sai a sayi ɗan yanki a duk manyan kamfanoni 500 na ma'aunin S&P 500, a riƙe, a mayar da ribar da suke rabawa cikin jarin. Tarihi daga 1926 ya nuna irin wannan riƙo ya ba da kimanin kashi 10 cikin ɗari a shekara idan aka yi raba-daidai, ko kimanin kashi 7 bayan cire hauhawar farashi. A lissafin kashi 10, kuɗi kan ninka cikin shekara bakwai da 'yan watanni. Amma tsakanin 2007 da 2009 ma'aunin ya rasa fiye da rabin darajarsa, kuma wanda ya firgita ya sayar a lokacin, shi ya kwashi asara.

A Najeriya ma haka abin yake. Ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Legas ya fara da maki 100 a Janairun 1984, ya haura 66,000 a Maris 2008, ya faɗo wajen 20,000 a 2009. Sai a 2023 ya koma inda ya baro, sannan ya wuce 100,000 a Janairun 2024. Sai dai a 1984 naira ta fi dala daraja, a 2024 kuwa dala ɗaya ta haura naira 1,400. Yawan maki ba shi ne yawan buhunan shinkafar da kuɗin za su saya ba. Akwai asusun Vetiva Griffin 30 mai bin manyan kamfanoni talatin, da na Lotus Halal ga mai gudun kuɗin ruwa, dukansu tun 2014.

Ga masunci a Warra ko manomin albasa a Yawuri da kuɗin kaka suka shigo hannunsa, rayuwar Ɗantata ma'auni ce. Ribarsa ta taru ne cikin shekaru, a kan kayan da ake gani ana taɓawa. MMM, da ta yi alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ta rufe asusun mutane a Disamba 2016. Kuɗin da za a buƙata kafin damina kuwa ba na riƙon shekara goma ba ne, ko a wace kasuwa.

Da ajali ya kusanto, Ɗantata ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyyar kada su wargaza kamfanin Alhassan Dantata and Sons. Sanusi da Aminu sun ci gaba da faɗaɗa harkar. Aliko Ɗangote, wanda mahaifiyarsa Hajiya Mariya 'yar Sanusi ce, ya shigar da kamfaninsa na siminti kasuwar hannayen jari a 2010, inda ya zama ɗaya daga cikin mafiya girma. Duk wanda ya sayi asusun manyan kamfanonin Najeriya a yau, yana da ɗan rabo a kamfanin tattaɓa-kunnen yaron nan na Bebeji da Tata ta koya wa ajiya a asusu.