Phil Lynott: Baƙar fatan Dublin da ya ja ragamar Thin Lizzy

Idan aka zo zancen manyan ƙungiyoyin kiɗan rok na shekarun 1970, sunayen da ke fara zuwa baki su ne Led Zeppelin da Deep Purple da Queen da AC/DC. Da wuya ka ji an ambaci Thin Lizzy a sahun farko. Amma ka tambayi 'yan Metallica ko Iron Maiden su wa suka saurara suna yara, za ka ji sunan ya fito. Mutumin da ya kafa wannan ƙungiya, ya rubuta mafi yawan waƙoƙinta, ya rera su da bakinsa, baƙar fata ne dogo mai tulin suma, wanda ya taso a wata unguwar talakawa ta Dublin a lokacin da sai ka yi yawon wuni guda a birnin ba ka ga mai irin launinsa ba. Sunansa Philip Parris Lynott. Shekara 36 kacal ya yi a duniya.

An haife shi ranar 20 ga Agustan 1949 a West Bromwich da ke Ingila. Mahaifiyarsa Philomena 'yar Ireland ce da ta je Ingila neman aiki, shekarunta 18 a lokacin. Mahaifinsa Cecil Parris kuwa mutumin Guyana ne, can Kudancin Amurka, ƙasar da a wancan zamani take ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Ba su yi aure ba, kuma ba su daɗe tare ba. To ka duba halin yarinya 'yar Katolika, ba miji, ga jariri baƙar fata a hannu, a Ingilar da masu gidajen haya ke ƙyamar 'yan Ireland kuma suke ƙyamar baƙaƙe. Ta sha wuya ƙwarai. Da abin ya fi ƙarfinta sai ta aika yaron Dublin wurin iyayenta, Frank da Sarah, a unguwar Crumlin, ita kuma ta ci gaba da fafutuka a Manchester.

A Crumlin ya girma, ya yi makarantar Christian Brothers, ya ɗauki harshen mutanen Dublin tsaf. A nan ya haɗu da Brian Downey, yaron da daga baya zai zama makaɗin gangarsa kusan har ƙarshen ƙungiyar. Abin da ya fi ba ni sha'awa game da ƙuruciyarsa shi ne yadda ya ƙi yarda a mayar da shi baƙo. Yaron da kowa ke juyowa ya kalla a titi, shi ne ya fi tsaransa haddace tatsuniyoyin jaruman Ireland na dā, irin su Cú Chulainn, kuma ya riƙa sa su a waƙa har ya mutu. Duk inda ya je a duniya, ɗan Ireland yake kiran kansa.

Ya fara waƙa ne da wata ƙaramar ƙungiya mai suna Black Eagles, daga nan ya shiga Skid Row ta Brush Shiels, inda ya haɗu da wani yaro ɗan Belfast mai hannun jita kamar aljani, Gary Moore. Sai dai a can aka sallame shi, wai muryarsa na kaucewa. Shiels bai kore shi hannu rabbana ba, ya zaunar da shi ya koya masa kaɗa jitar bes, wato mai tsirkiya huɗu ɗin nan mai kaurin amo da ke tafiya tare da ganga. Korar nan ita ta zame masa gobarar Titi. A ƙarshen 1969 shi da Downey suka haɗu da Eric Bell mai jita, aka kafa Thin Lizzy. Sunan ma daga wani mutum-mutumi na jaridar barkwancin yara, The Dandy, suka samo shi, suka ɗan murɗa rubutun.

Kamfanin Decca ya ɗauke su, suka koma Landan a 1971, suka fitar da albam biyu da kusan ba wanda ya saya. Talauci ya kai su har suka yi wani faifai na kwaikwayon waƙoƙin Deep Purple da sunan bogi, Funky Junction, don dai a samu na cefane. Abin da ya fito da su kuma ba su suka zaɓe shi ba. Akwai wata tsohuwar waƙar gargajiyar Ireland, Whiskey in the Jar, labarin ɗan fashin da ya tare wani hafsan soja a hanya, sannan macen da ya amince wa ta ci amanarsa. Da wasa suka kaɗa ta da jitar lantarki, kamfani ya ji ya ce ita za a tura kasuwa. Ta fito a ƙarshen 1972, ta hau lamba ɗaya a Ireland, ta kai ta shida a Birtaniya a 1973. Su kuwa haushi suka ji, don ba sa so a ɗauke su mawaƙan gargajiya. A bayan wannan faifan ne Lynott ya sa tasa waƙar, Black Boys on the Corner, wadda ke magana kan zaman baƙar fata a cikin fararen mutane.

A wannan tsakanin ya koyi tsayuwar dandamali. A 1972 sun bi ƙungiyar Slade yawon wasa a matsayin masu buɗe fage, kuma a lokacin Lynott mai kunya ne, yana waƙa yana kallon ƙasa. Manajan Slade, Chas Chandler, ya gargaɗe su cewa in ba su farka ba za a ajiye su a hanya. Lynott ya lura da yadda Noddy Holder na Slade ke sa hula mai madubai tana walƙiya cikin jama'a, shi ma sai ya sa aka manna wa jitarsa madubi. Daga nan ya samu abin da masoyansa ba sa mantawa: ya tsaya ya ware ƙafafu cikin baƙin wandon fata, ya karkata jitar, hasken fitila ya daki madubin ya sauka kan fuskar mutum ɗaya a cikin dubbai. Waɗanda suka halarci wasanninsu har yau suna ba da labarin ranar da hasken ya sauka a kansu.

Eric Bell bai iya jure rayuwar yawo da shaye-shaye ba. A daren shiga sabuwar shekarar 1974, ana tsakiyar wasa a Jami'ar Queen's ta Belfast, ya jefar da jitarsa ya sauka daga dandamali. Gary Moore ya riƙe wurin na 'yan watanni, shi ma ya tafi. A nan Lynott ya yanke shawarar da ta canza komai: maimakon mai jita ɗaya, a ɗauki biyu, ko da ɗaya ya gudu akwai saura. Aka samu Brian Robertson, ɗan Glasgow mai shekara 18 da zafin kai, da Scott Gorham, ɗan Kalifoniya mai dogon gashi.

Ga abin da mutanen nan biyu suka yi, don shi ne sirrin amon Thin Lizzy. A yawancin ƙungiyoyi, ɗaya ne ke jan kiɗa, ɗayan yana rufa masa baya. Su kuwa sai su kaɗa layi guda a lokaci guda, ɗaya a sama kaɗan, ɗaya a ƙasa, kamar 'yan amshi biyu da muryoyinsu suka dace. Ba su suka fara wannan salo ba, Wishbone Ash da Allman Brothers sun riga su, amma su suka mayar da shi abin da mutum zai iya rerawa da baki yana tafiya a hanya. Ka saurari ƙarshen Emerald da abin sauraro a kunne biyu, za ka ji jita ɗaya na kiranka daga dama, ɗaya na amsawa daga hagu.

Albam biyu na farko da sabon zubin, Nightlife da Fighting, ba su yi wani tasiri a kasuwa ba, kamfani ya fara ƙosawa. Sai Jailbreak ya fito a 1976, ɗauke da The Boys Are Back in Town. Waƙar ta kai ta takwas a Birtaniya, ta 12 a Amurka. Ko ba ka san sunan ƙungiyar ba, wataƙila ka taɓa jin ta a fim ko a filin wasa. Labarin samari ne da suka dawo gari bayan doguwar tafiya, amma yadda Lynott ke rera ta kamar hira yake yi da kai a bakin shago, yana jan kalma a nan, yana haɗiye wata a can, yana makara da gangan sannan ya cim ma kiɗan. Marubuci ne na gaske, har littattafan waƙe biyu ya wallafa, na farkon a 1974. Mutanen cikin waƙoƙinsa 'yan caca ne, da fursunoni, da kaboyi mai kewar gida, da saurayin da aka yaudara yana ƙoƙarin nuna bai ji zafi ba.

To me ya hana su zama kamar Queen? Amurka ce. A wancan zamani duk ƙungiyar da ba ta ci kasuwar Amurka ba, ba ta shiga sahun manya, kuma sau uku ƙofar na buɗewa tana rufewa. A tsakiyar 1976, waƙarsu na tashe a gidajen rediyon can, ciwon hanta ya kwantar da Lynott, aka soke sauran wasannin. A ƙarshen shekarar, ana shirin komawa, Robertson ya shiga faɗa a gidan rawa na Speakeasy a Landan yana kare abokinsa mawaƙi Frankie Miller, aka yanke shi a hannu da fasasshiyar kwalba, tafiya ta sake rushewa. A 1979 kuma Gary Moore, wanda ya dawo har suka yi albam ɗin Black Rose tare, ya ajiye aiki ana tsakiyar zagayen Amurka. A ganina ba rashin sa'a ba ne kawai, rabin abin su suka jawo wa kansu.

A dandamali dai ba a ja da su. A Agustan 1977 suka cika filin ƙwallo na Dalymount Park a Dublin, yaron Crumlin ya dawo gida a matsayin sarki. A 1978 suka fitar da Live and Dangerous, wanda aka naɗa a wasanninsu na Landan da Philadelphia da Toronto. Ya kai na biyu a Birtaniya, faifan waƙoƙin fim ɗin Saturday Night Fever ne ya tare masa gaba. Har yau ana gardama kan yawan gyaran da aka yi masa a situdiyo: Tony Visconti da ya haɗa shi ya ce gyaran da yawa, 'yan ƙungiyar suka ce kaɗan ne. Ni dai da za a tambaye ni ta ina sabon shiga zai fara, nan zan nuna masa, musamman Still in Love with You. A Oktoban wannan shekarar suka yi wasa a gaban Opera House na Sydney a Ostireliya, jama'a har iya ganinka, bidiyon na nan a YouTube. A 1981 kuma su ne manyan baƙi a wasan farko da aka taɓa yi a Slane Castle, kuma cikin masu buɗe musu fage akwai wasu samari 'yan Dublin da ake kira U2.

Mutum ne mai shiga ko'ina. Lokacin da 'yan pank suka fito suna zagin tsofaffin mawaƙan rok, shi abota ya ƙulla da su, har ya yi ƙungiyar wucin gadi da mutum biyu na Sex Pistols. Masoyin Manchester United ne na ƙin ƙarawa, abokin George Best, wanda ke yawan zuwa otal ɗin da Philomena ke gudanarwa a Manchester. Ya yi aure a 1980, ya haifi 'ya'ya mata biyu, kowacce ya yi mata waƙa. Kiɗansa Yellow Pearl shi ne taken shirin Top of the Pops na BBC tsawon shekaru.

A ƙarƙashin duk wannan akwai hodar heroin. Ta shigo ƙungiyar a ƙarshen shekarun 1970, ta kama shi, ta kama Gorham. Murya ta fara dusashewa, jiki ya kumbura, waƙoƙin suka rage kaifi, aure ya mutu. A Black Rose akwai waƙar Got to Give It Up, inda ya faɗi matsalarsa ƙarara, jama'a suka yi ta tafi, shi kuma bai daina ba. Gorham ne ya ce ya gaji, yana so ya tsira da ransa. Suka yi albam na ƙarshe, Thunder and Lightning, suka yi sallama da Birtaniya a bikin Reading a Agustan 1983, wasan ƙarshe kuma a Nuremberg ta Jamus ranar 4 ga Satumba. Gorham ya je ya yi magani ya rabu da ita.

Lynott ya kafa wata ƙungiya, Grand Slam, amma kamfanoni suka ƙi ɗaukarta, don labarin halinsa ya riga ya zagaya. A 1985 shi da Gary Moore suka fitar da Out in the Fields, ta kai ta biyar a Birtaniya, kamar dai zai farfaɗo. A Yulin shekarar aka yi gagarumin wasan Live Aid don tallafa wa masu fama da yunwa a Habasha. Waɗanda suka shirya shi, Bob Geldof ɗan Dublin da Midge Ure wanda ya taɓa kaɗa wa Thin Lizzy jita, duk abokansa ne. Ba a gayyace shi ba. A wasan nan ne Queen da U2 suka ƙara ɗaukaka a idon duniya.

Ranar Kirsimetin 1985 ya yanke jiki ya faɗi a gidansa da ke Kew a Landan, mahaifiyarsa na gidan. Aka kai shi asibiti a Salisbury, aka tarar guba ta shiga jininsa, gaɓoɓin ciki sun fara gazawa. Ya rasu ranar 4 ga Janairun 1986. Aka binne shi a maƙabartar St Fintan da ke Sutton, a gefen Dublin.

A 1998 Metallica suka sake kaɗa Whiskey in the Jar bisa tsarin Thin Lizzy, suka ci kyautar Grammy da ita, abin da su masu tsarin ba su taɓa samu ba. An sa sunan ƙungiyar cikin 'yan takarar shiga Rock and Roll Hall of Fame na 2020, ba a zaɓe ta ba. Dublin kuwa ta riƙe ɗanta. A 1987 masoya suka fara taruwa duk 4 ga Janairu a wani wasan tunawa da ake kira Vibe for Philo. A 2005 aka kafa mutum-mutuminsa na tagulla a Harry Street, dab da Grafton Street, yana tsaye ya dafa jitarsa, kuma masu ziyara kan soka 'yan robobin kaɗa jita a tsakanin tsirkiyoyin. Philomena ce ta yi ta faɗi-tashi har aka kafa shi, ita ce kuma ta riƙa karɓar masoyan ɗanta a gidanta tana kula da kabarinsa, har ta rasu a 2019 tana da shekara 88.